Daga Faransa zuwa gonakin Rano: tarihin iskar da ke cikin buhun yuriya

Jama'a, duk manomin da ya sayi buhun yuriya a kasuwar Rano ko Kibiya, ya sayo kusan kilo 36 na iskar kabon dayoksaid da aka sarrafa a cikinsa. Eh, iskar nan da ake ɗora wa laifin ɗumamar duniya.

Iskar nan taurin kai gare ta, ba ta haɗuwa da wani sinadari cikin sauƙi. A 1902, Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens a Faransa suka nuna cewa idan aka bi da ita tare da haidurojin ta kan garin ƙarfen nikel mai zafi, tana komawa gas ɗin da ake girki da shi. Aikin ƙarfen tamkar na dillali ne: ya haɗa ciniki, shi kuma ya fita yadda ya shiga. Sabatier ya samu kyautar Nobel a 1912.

Jamusawa ma dillancin ƙarfe suka yi amfani da shi wajen haɗa amoniya, suka buɗe masana'antarta ta farko a Oppau a 1913. A 1922 aka fito da hanyar haɗa amoniyar da iskar kabon a samu yuriya. Wannan hanyar ce kamfanin takin Dangote da aka ƙaddamar a Legas a 2022 ke bi.

To amma kada a ruɗe mu. Da zarar yuriya ta narke a gona, kabon ɗin nan sama yake komawa cikin 'yan kwanaki. Haidurojin ɗin ma daga gas ake ciro shi, shi ma da nasa hayaƙin. Aro aka yi kawai.

Inda aka ɗan ga haske shi ne Aisland, inda a wajen 2012 aka fara mayar da iskar zuwa man metanol ta amfani da jan ƙarfe, da lantarkin da ba a ƙona gas ko kwal wajen samar da shi. Ke nan ilimin ya haura shekara 120, abin da ya rage shi ne wuta mai tsafta kuma mai araha. Rana kuwa muna da ita, jarin ne babu.

Kafin nan, manomi ya riƙa binne yuriyarsa a ƙasa mai danshi. In ya watsa ta a sarari, amoniyar bin iska take yi, kuɗinsa ya tafi a banza.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.