Kansila Ɗaya, Ƙasa Nawa? Nazarin Iyakokin Mazaɓu a Kanya, Masarautar Zuru

Tsakure

Maƙalar ta auna nauyin da ke kan kansila a Danko/Wasagu, inda mazaɓar Kanya take, ta kwatanta shi da na Zuru. Ta gano cewa faɗin ƙasa ya fi yawan jama'a raba wakilcin ƙananan hukumomin biyu.

Gabatarwa da Bitar Ra'ayoyi

Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kowace da kansila ɗaya. Sashe na 73 da na 114 na Tsarin Mulkin 1999 sun ɗora wa INEC sake duba mazaɓun 'yan majalisa, amma ba su ambaci na kansiloli ba. Masu cewa ƙarin kansila ƙarin cin albashi ne kawai suna da hujja a lokacin da kuɗin ƙananan hukumomi ke maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya raunana wannan hujja. Su kuwa masu ƙirga kawuna kaɗai, da su ne wannan maƙala take jayayya.

Hanyar Bincike

An raba alƙaluman ƙidayar 2006 da faɗin ƙasa da adadin mazaɓu.

Sakamako

Danko/Wasagu na da mazaɓu 11 da mutane sama da 260,000. Zuru na da 10 da kusan 165,000. Kansila a Danko/Wasagu yana wakiltar mutum kusan 24,000, na Zuru 16,500. Tazara ce, amma ba ta kai ninki biyu ba.

A faɗin ƙasa ne abin ya fito fili. Danko/Wasagu ta kai murabba'in kilomita 4,000, Zuru ba ta kai 700 ba. Ke nan kansila ɗaya yana da kusan 365, takwaransa 65: ninki biyar da ɗoriya. Mai ƙorafin rijiyar burtsatse da ta lalace a ƙauyen Kanya sai ya hau acaɓa ya nemo kansila, shi kuma ya kai maganar sakatariya a Ribah, da damina ta hanyar da rafi ke yankewa. Rashin tsaro ya ƙara tsawon wannan tafiya. A Kanya ne 'yan bindiga suka far wa ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Samaila Yombe, a Maris 2022, suka kashe sojoji. Hanyar da mai rakiyar soja bai tsira daga hari a kanta ba, da wuya kansila ya bi ta zuwa kowane ƙauye.

Iyakokin Bincike

Ƙidayar 2006 ta tsufa, ta 2023 kuma an ɗage ta. Matsakaicin lissafi yana ɓoye bambancin mazaɓa da mazaɓa, kuma gudun hijira ya sauya matsugunan mutane. Amma faɗin ƙasa bai sauya ba, a kansa kuma hujjar ta tsaya.

Kammalawa

Ya kamata Majalisar Dokokin Kebbi ta kafa dokar sake duba mazaɓu duk shekara 10, a sa nisa da yanayin hanya cikin ma'auni tare da yawan jama'a, a kuma fara da Danko/Wasagu.