Daga Jaki Zuwa Mota: Yadda Koyon Gyaran Mota Ya Shiga Makaranta

A zamanin kakanninmu, jaki ne motar fatake. Ayari yakan taso daga Kano ya bi ta Yendi, ya sauka Salaga sayen goro. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar Salaga. Da Turawa suka kama ƙasa, suka gyara hanya daga Kumasi ta Yeji da Salaga zuwa Tamale, manyan motoci suka karɓe kayan jakuna. To, mota ba ta cin ciyawa. In ta lalace a daji, wa zai tashe ta?

Makanikan farko ba a aji suka koya ba. Uba yakan kai ɗansa wurin maigida a gareji, ko ya tura shi Suame a Kumasi. Yaro ya yi shekaru yana wanke ƙarfe yana miƙa sifana, kafin a sallame shi.

Gwamnati ma ta gwada. A 1922, zamanin Gwamna Guggisberg, aka buɗe makarantun sana'a huɗu, ɗaya a Yendi, inda aka koyar da kafinta da gini da aikin ƙarfe. Daga baya aka mayar da ita Tamale. Amma iyaye da yawa sun fi so ɗansu ya zama akawu.

A 1970 aka kafa hukumar NVTI, domin ta jarraba masu sana'a ta ba su takardar shaida. A 1987 aka sa aikin hannu cikin darussan ƙaramar sakandare. Sai dai makarantu da yawa ba su sami kayan aiki ba, yara suka koyi sunan guduma a allo, ba su taɓa riƙe ta ba. A 2017 aka soke kuɗin makarantar sakandare, har da makarantun fasaha irin ta Bawku, inda matasa ke koyon aikin mota.

Ya mai karatu, ga abin da tarihin nan ya nuna mana. Gareji yana da ƙarfe, ba littafi. Aji sau da yawa yana da littafi, ba ƙarfe. Motar yau kuwa tana da kwamfuta a ciki, sai wanda ya haɗa biyun zai iya mata. Saboda haka in za ka sa ɗanka ko 'yarka a makarantar sana'a, ka je da ƙafarka ka duba: akwai injin da za su kwance su ɗaura? In hutu ya zo kuma, ka kai su gareji.