Wa Ke Riƙe da Kyamara Idan Ana Ɗaukar Makaɗi?

Masu sauraro kan tambaye ni a shirina na rediyo a nan Tamale, me ya sa nake yawan zancen finafinan tarihi na makaɗa. Amsata ita ce, hoton da aka ɗauki makaɗi da shi yakan fi kiɗansa daɗewa a duniya. Misalai uku za su nuna abin da nake nufi.

Na farko daga ƙasar Norway ne. A farkon shekarun 1990 wasu samari a can suka ɗaukaka wani kiɗa mai amo da kururuwa da ake kira black metal, suna shafa fenti fari da baƙi a fuska kamar gawa. Abin bai tsaya a kiɗa ba. A watan Yunin 1992 aka ƙone tsohon cocin katako na Fantoft a birnin Bergen. A watan Agustan 1993 Varg Vikernes ya kashe abokin kiɗansa Euronymous a Oslo, aka yanke masa ɗaurin shekara 21. Daga baya Amurkawa biyu, Aaron Aites da Audrey Ewell, suka yi fim mai suna Until the Light Takes Us, wanda ya fito a 2008. Sun bi Vikernes har kurkuku, suka bar shi yana ta zuba, ba mai katse shi. Masu suka da dama sun ce an bai wa mai kisa dandali ne kawai.

Na biyu a ƙasarmu aka yi shi. A 1954 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki 'yan Hauka a wajen birnin Accra. 'Yan ci-rani ne daga Nijar, kuma al'adar tasu ta samo asali ne a yankin Filinge wajen 1925. Idan aljanu suka hau su, sai su riƙa kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawan mulkin mallaka. Fim ɗin, Les Maîtres fous, ya nuna su da kumfa a baki, suna yanka kare suna ci. Turawan Ingila suka hana nuna shi, 'yan bokon Afirka da suka gan shi a Paris kuwa ransu ya ɓaci. Muryar Rouch ce ke yin bayani tun daga farko har ƙarshe. Ke nan a Norway an sakar wa mutum baki fiye da kima, a Accra kuwa wani ne ya ari bakin mutane ya ci musu albasa.

Na uku a ƙofar gidanmu yake. Ba'amurke John Chernoff ya zauna a Tamale a shekarun 1970, ya durƙusa gaban Alhaji Ibrahim Abdulai yana koyon kiɗan lunga, ɗan'uwan kalangunmu. Littafinsa ya fito a 1979. A tsakiyar shekarun 1980 tashar Channel 4 ta Ingila ta nuna fim ɗin The Drums of Dagbon cikin jerin shirin Repercussions. A nan an ɗauki makaɗan Dagomba a matsayinsu na gaskiya, wato masu adana tarihin sarakuna da salsalar dangi. Sirrin kuwa haƙuri ne: an yi shekaru ana zama da su kafin kyamara ta iso.

To, mu fa? Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan a kaset da waya, amma nawa ne cikinmu suka taɓa ganin cikakken fim da suka zauna suna bayyana sana'arsu da bakinsu? Su ma ke nan da suka yi suna, balle mai goge ko mai garaya da ke zango, wanda ake kauce wa saboda an haɗa kiɗansa da bori.

Ba cewa nake a yabi abin da addini ya hana ba. Tarihi dai sai an adana shi kafin a yanke masa hukunci. Matasanmu da ke da waya mai kyamara, ku je ku gaida tsoffin makaɗan unguwarku, ku nemi izininsu, ku tambaye su wa ya koya musu, ku kuma yi musu tambayar da ba ta da daɗi. In mun yi jinkiri, baƙo zai zo ya ɗauka, jikokinmu su san su da bakin wani.