Hajiya Balaraba Ramat Yakubu: Daga Ajin Yaƙi da Jahilci Zuwa Fim

Da yawanmu mun kalli fim ɗin Alhaki Kuykuyo Ne tun zamanin kaset, amma ba kowa ya san tarihin matar da ta rubuta labarin ba.

An haifi Hajiya Balaraba a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe a 1976. Duk da wannan gida da ta fito, an cire ta daga makarantar firamare aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. Auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ne ta shiga ajin yaƙi da jahilci na manya a Kano, irin wanda wasunmu ke zuwa bayan an tashi kasuwa, ta ƙarasa koyon karatu da rubutu.

A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya. A 1990 sai ga Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka raba da makaranta aka aurar da ita ga dattijo. A shekarar dai ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya. Rabi ba ta zauna kuka ba, abinci ta kama sayarwa ta riƙe 'ya'yanta. Wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi a unguwarsu ba?

A 1998 aka mayar da littafin fim. Nan ne labarin ya isa ɗakunan matan da ba su iya karatu ba. Ita ma ta shiga harkar da kanta, har ta shirya Juyin Sarauta a 2017. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara Alhaki zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya.

An soke ta, an ce tana tona asirin gidajen aure, amma ba ta ajiye alƙalami ba. To 'yar uwa, in kina jin kunyar zama a benci da furfura a kanki, ki tuna a irin bencin nan ta fara. Allah Ya ƙara mata lafiya, amin.