Tafkin Chadi a Taswira: Tarihinsa da Darasinsa ga Manhajar Labarin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka riƙa zana Tafkin Chadi a taswira, domin fito da wata matsala da malamin labarin ƙasa kan ci karo da ita, wato taswira na nan yadda aka buga ta, alhali gaɓar tafkin ba ta zama wuri ɗaya.

2.0 Tarihin Zanen Tafkin

Buduma da Kanembu sun san tsibiran tafkin da mashigansa tun kafin Denham da Clapperton da Oudney su iso bakinsa a 1823. A 1851 Overweg ya kewaya tsibiran cikin jirgin ruwa. Awo na tsanaki kuwa sai a zamanin ayarin Tilho na Faransa, wanda ya yi aikin shata iyakar Nijeriya da Nijar daga 1906 zuwa 1909, ya kuma tarar ruwan arewacin tafkin ya ja baya ƙwarai.

Dalili shi ne tafkin ba shi da zurfi, ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake. Saboda haka da zarar ruwa ya ɗan ragu, sai gaɓa ta janye da nisan kilomitoci. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Fari ya raba shi biyu a 1973, a shekarun 1980 kuma bai kai ushirin wancan faɗi ba.

Masunta da manoma, ciki har da Hausawa, suka bi ruwa suka kafa ƙauyuka irin su Darak a inda tsofaffin taswirori suka nuna tafki. Da rikicin iyaka ya kai Kotun Duniya, hukuncinta na 2002 ya dogara da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931, ya bai wa Kamaru Darak. Nijeriya ta janye a Disambar 2003.

3.0 Kammalawa

Ke nan wajibi ne manhaja ta koya wa ɗalibi duba shekarar awon taswira kafin ya karanta ma'auninta da alamominta. Ana ba da shawarar malami ya jera taswirar shekarun 1960 da hoton tauraron ɗan'adam na kwanan nan, ɗalibai su auna tazarar Baga da bakin ruwa a kowanne.