Bulokcen da intanet na kayayyaki: yadda ake haɗa su da inda suke da amfani

Intanet na kayayyaki shi ne tsarin da ake haɗa na'urori irin su mitar kuran, famfon ban ruwa, firjin ajiye allurar rigakafi ko kyamarar gadi da intanet, su riƙa aika bayani suna karɓar umarni ba tare da mutum ya tsaya a kansu ba. Bulokcen kuwa kundi ne na ajiye bayanai wanda kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, ta yadda mutum ɗaya ba zai iya goge abin da aka rubuta a ciki ba. Tun wajen 2015 kamfanoni da masu bincike ke ƙoƙarin haɗa fasahohin biyu, domin abin da na'ura ta auna ya zama shaidar da ɓangarorin ciniki za su amince da ita ko da ba su yarda da juna ba. Wasu gwaje-gwajen sun yi nasara, wasu manya kuma an rufe su.

Asalin fasahohin biyu

Wani ɗan Birtaniya mai suna Kevin Ashton ne ya raɗa sunan intanet na kayayyaki a 1999, lokacin da yake aiki a kamfanin Procter & Gamble. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne yadda kamfani zai san inda hajarsa take tsakanin masana'anta, sito da kanti ba tare da an dogara da ƙidayar hannu ba. Daga baya farashin ƙananan na'urorin awo ya sauka, rezon salula ya bazu, sai tunanin ya shiga harkar noma, sufuri, lafiya da wutar lantarki.

Tushen bulokcen ya girmi wannan. A 1991 masu bincike biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka bayyana hanyar buga wa takardun kwamfuta hatimin lokaci wanda ba za a iya sauya shi a ɓoye ba. A watan Oktoban 2008 wani da ya sa wa kansa suna Satoshi Nakamoto ya fitar da bayanin kuɗin Bitcoin, wanda ya fara aiki a Janairun 2009. Shi ne bulokcen na farko da jama'a suka yi amfani da shi. A Yulin 2015 aka ƙaddamar da Ethereum, wanda ya ba da damar ajiye ƙananan manhajoji a cikin kundin, ba lissafin kuɗi kaɗai ba. Daga nan ne masu harkar na'urori suka fara sa ido a kai sosai.

Yadda kundin yake aiki

Ana tara bayanai rukuni-rukuni, kowane rukuni ana kiransa tubali. Daga abin da ke cikin tubalin kwamfuta ke lissafo wani hatimi na haruffa da lambobi. A tsarin Bitcoin hatimin yana da alamomi 64. Idan aka sauya ko da harafi ɗaya a cikin bayanin, hatimin zai sauya gaba ɗaya. Kowane sabon tubali yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, shi ya sa suke zama kamar sarƙa. Wanda ya taɓa wani tsohon tubali sai ya sake lissafin duk waɗanda suka biyo baya, sannan ya shawo kan sauran kwamfutocin su karɓi nasa kwafin su jefar da nasu.

Misalinsa kamar littafin bashi ne tsakanin mai kanti da abokin cinikinsa. Idan littafin yana hannun mai kanti shi kaɗai, ranar da aka samu saɓani maganarsa ce za ta yi nauyi. Idan kuwa mutum goma ne ke rubuta kowane ciniki a littattafansu a lokaci guda, kuma kowane shafi yana ɗauke da alamar shafin da ya wuce, yage shafi ɗaya ba zai amfani kowa ba.

Akwai bulokcen iri biyu. Buɗaɗɗe, kamar Bitcoin da Ethereum, kowa na iya shiga ya karanta ko ya riƙe kwafi. Rufaffe kuma sai waɗanda aka ba izini, kamar kamfanonin da ke harka tare. Mafi shahara a rufaffun shi ne Hyperledger Fabric, ɗaya daga cikin ayyukan Hyperledger da gidauniyar Linux ta kafa a Disamban 2015.

Me ya sa ake son haɗa su

A yadda aka saba, na'urori suna aika bayanansu zuwa rumbun kamfani guda. Mai rumbun na iya gyara bayanin, kuma idan rumbun ya tsaya ko kamfanin ya durƙushe, na'urorin sun zama marayu. Wannan ba matsala ba ce idan mai na'urar da mai rumbun mutum ɗaya ne. Matsalar tana tasowa ne idan bayanin zai raba gardama tsakanin mai kaya, mai mota, mai inshora da mai saye.

Dalili na biyu shi ne tsaro. A ranar 21 ga Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da dubban kyamarori da na'urorin intanet na gida wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, abin da ya hana mutane da yawa shiga Twitter, Netflix da wasu manyan shafuka na tsawon sa'o'i. Mirai ta kama na'urorin ne ta hanyar gwada lambobin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sawa tun daga fitowa, waɗanda masu saye ba su sauya ba. Bulokcen ba ya maganin irin wannan sakaci, amma ana iya amfani da shi a yi rajistar kowace na'ura da hatimin manhajarta ta gaskiya, ta yadda na'ura za ta duba kafin ta karɓi sabuwar manhaja.

Dalili na uku shi ne biyan kuɗi ba tare da ɗan tsakiya ba. Manhajojin da ake ajiyewa a bulokcen ana kiransu yarjejeniya mai zartar da kanta. Ana rubuta sharaɗi, misali idan kaya suka iso kuma sanyinsu bai sauya ba a biya mai mota. Da zarar bayanin na'ura ya cika sharaɗin, kuɗin zai fita.

Yadda ake gina tsarin

Masu gina irin wannan tsari sukan fara da ba kowace na'ura mabuɗin sirrinta, wanda da shi take sa hannu a kan duk abin da ta auna. A na'urori masu inganci ana ajiye mabuɗin a cikin wani ɗan guntun ƙarfe na musamman da ke da wuyar fasawa. Idan aka sace mabuɗin, ɓarawo zai iya aika ƙarya da sunan na'urar.

Ƙaramar na'ura mai aiki da batir ba ta da ƙarfin riƙe kwafin kundi. Saboda haka takan aika bayaninta zuwa wata na'ura mafi ƙarfi da ke kusa, wadda ke zama ƙofa tsakaninta da intanet. Hanyar aikawar na iya zama layin salula, ko wata fasahar rediyo mai suna LoRaWAN wadda ke kai ɗan ƙaramin saƙo nisan kilomitoci da batir mai yin shekaru.

Ba a zuba duk bayanan a cikin bulokcen. Na'urar da ke auna sanyi kowane minti za ta fitar da awo 1440 a rana, kuma idan na'urorin sun kai dubbai, babu kundin da zai ɗauka cikin sauƙi. Bitcoin, alal misali, yana haɗa tubali ɗaya ne a kusan kowane minti 10, kuma ba ya wuce ciniki kimanin 7 a daƙiƙa. Abin da ake yi shi ne a ajiye cikakken bayanin a rumbu na yau da kullum, a sa hatiminsa kawai a bulokcen. Ranar da aka yi gardama sai a sake lissafa hatimin a gwada da wanda ke cikin kundin. Idan sun yi daidai, ba a taɓa bayanin ba.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta yarjejeniyar da binciken ta kafin a sake ta. Kuskure a cikinta yana da tsada, domin gyara abin da ya riga ya shiga kundi ba shi da sauƙi.

Inda aka gwada

A farkon 2015 IBM da Samsung suka nuna wani gwaji mai suna ADEPT, inda injin wanki ke yin odar omo da kansa idan ya kusa ƙarewa, ya kuma biya ta hanyar yarjejeniya mai zartar da kanta. Gwajin nuni ne, bai zama haja a kasuwa ba.

A Afrilun 2016, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, maƙwabta masu farantan hasken rana suka sayar wa na tsallaken titi rarar wutarsu, ana rubuta cinikin a Ethereum bisa awon mitoci. Wutar dai ta ci gaba da bi ta wayoyin kamfanin lantarki na birnin. Lissafin ne kawai ya koma bulokcen.

Babban kantin Walmart na Amurka ya yi gwaji da IBM a kan mangwaro ta hanyar Hyperledger Fabric. Kafin nan gano gonar da aka tsinko mangwaron da ke kanti ya ɗauki kusan kwana 7. Da sabon tsarin ya koma daƙiƙa 2 da ɗoriya. A 2018 kantin ya umarci masu kawo masa ganyaye irin su salak su shiga tsarin, saboda a riƙa gano tushen gurɓataccen abinci da wuri.

Kamfanin Helium ya buɗe rezonsa a 2019. Mutane na sayen ƙaramar na'urar LoRaWAN su kafa a gida, ana biyansu da kuɗin kirifto saboda sun samar da rezo ga na'urorin da ke kewaye. Zuwa ƙarshen 2022 na'urorin sun kusa miliyan ɗaya, sai dai rahotanni a shekarar sun nuna cewa kuɗin da masu amfani na gaskiya ke biya kaɗan ne ƙwarai, kuma ladan masu na'urori ya faɗi. A Afrilun 2023 Helium ya bar nasa bulokcen ya koma kan na Solana.

IOTA, wanda aka tsara musamman domin na'urori kuma gidauniyarsa ke Jamus, ya gamu da kutse a manhajar ajiyar kuɗinsa a Fabrairun 2020. Gidauniyar ta dakatar da hada-hadar tsarin na kusan wata guda, abin da ya nuna cewa a lokacin makullin yana hannun hukuma guda.

Darasi mafi girma ya fito daga TradeLens, tsarin bin sawun kwantena da kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM suka ƙaddamar a 2018. Fasahar ta yi aiki, amma ba a samu haɗin kan da ake buƙata daga sauran masu harkar ba. A Nuwamban 2022 aka sanar da rufe shi, aka kammala rufewar a farkon 2023.

Iyakokinsa

Bulokcen yana kare abin da aka rubuta daga sauyi, amma ba ya tabbatar da cewa gaskiya aka rubuta. Allurar rigakafi da yawa ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan direba ya cire na'urar awo ya sa ta cikin kular ƙanƙara ya bar kwalayen allura a rana, kundin zai adana shaidar zur, kuma ba mai iya goge ta. Haka nan idan na'urar ta lalace. Saboda haka ingancin na'ura, wurin da aka kafa ta da wanda ke duba ta sun fi kundin muhimmanci.

Akwai kuma batun kuran. Bitcoin na cin wuta mai yawa saboda gasar lissafi da kwamfutoci ke yi kafin a haɗa tubali. Ethereum ya bar wannan hanya a Satumban 2022, cin wutarsa ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100, rufaffun tsare-tsare kuma dama ba sa bin ta. Sirri ma matsala ce: awon mitar gida na iya nuna lokacin da mutanen gida suke nan da lokacin da suka yi tafiya, kuma abin da ya shiga buɗaɗɗen kundi ba ya fita.

Abin da ya shafi Nijar

Intanet na kayayyaki ya riga ya iso ba tare da bulokcen ba. Tsarin ban ruwa daga nesa da ɗan Nijar Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro, wanda ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011, yana ba manomi damar kunna famfon lambunsa da kashe shi ta wayar salula. A Kenya, kamfanin M-KOPA ya riƙa sayar da kayan hasken rana bashi, na'urar na ɗauke da layin waya, tana aiki idan an biya ta kuma tsaya idan an daina. A waɗannan misalai rumbun kamfani guda ya wadatar.

Inda bulokcen zai iya zama da amfani shi ne harkar da ke ratsa hannuwa da iyakoki da yawa, kamar albasar Galmi da ke tafiya Abijan ko Akra, ko hajar ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke fitowa daga tashar ruwa ta Lome. A nan akwai mai kaya, dillali, mai mota, ƴan duwan da banki, kowa da takardarsa. Sai dai labarin TradeLens ya nuna cewa idan ɗaya daga cikinsu ya ƙi shiga, kundin bai cika ba. Ga kuma yankewar kuran da raunin rezo a kan hanyoyin karkara, waɗanda ke tilasta wa na'ura ta ajiye awonta har sai ta samu hanyar aikawa.

Duk wanda aka tallata wa irin wannan tsari yana da kyau ya tambayi abubuwa kaɗan. Su wane ne ke riƙe da kwafin kundin, kuma mutum nawa ne? Wa ke duba na'urorin a wurin da suke? Wa ke biyan kuɗin sabis ɗin a zahiri? Idan amsar ta farko kamfani ɗaya ce, to rumbu ne na yau da kullum aka sauya wa suna. Idan kuma ribar da aka yi alkawari ta dogara ne ga shigowar sababbin masu sayen na'ura ko tashin farashin wani kuɗin kirifto, mai sa jikkunansa ya sani cewa kirifto ba kuɗin hukuma ba ne a Nijar, kuma yana iya rasa abin da ya zuba.