Garba Shehu: Daga teburin edita a Triumph zuwa kakakin fadar shugaban ƙasa

Malam Garba Shehu ɗan jarida ne kuma masanin hulɗa da jama'a, wanda ya riƙe muƙamin babban mataimaki na musamman ga Shugaba Muhammadu Buhari kan harkokin yaɗa labarai daga 2015 zuwa 2023. A tsawon waɗannan shekaru takwas, da wuya mako ya wuce masu sauraron sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka ba su ji muryarsa yana bayani ko kare wani mataki na gwamnati ba. Yana cikin fitattun ɗaliban da sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero da ke Kano ya yaye.

Asali da karatu

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba, 1959, a Dutse, wadda a lokacin take cikin lardin Kano, kafin ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ya yi sakandare a Kwalejin Barewa da ke Zariya, sannan ya yi digirinsa na farko a fannin aikin jarida a Jami'ar Bayero a farkon shekarun 1980.

Aikin jarida

Ya taɓa aiki da gidan talabijin na ƙasa, NTA, amma a kamfanin jaridar Triumph da ke Kano ya yi suna. Gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ce ta kafa kamfanin, wanda ban da jaridunsa na Turanci yake buga Albishir da boko da kuma Alfijir da ajami. A nan ya riƙa hawa mataki-mataki har ya zama edita, daga baya ya shugabanci kamfanin baki ɗaya. Takwarorinsa kuma suka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Editocin Najeriya.

Daga aikin jarida ya tsallaka zuwa hulɗa da jama'a, inda ya kula da sashen sadarwa na kamfanin narka alminiyam na ALSCON da ke Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne: mai yin tambaya ya koma mai amsa ta.

Shekarunsa tare da Atiku

A 2003 ya zama mai taimaka wa Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar kan yaɗa labarai. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin Atiku da Shugaba Olusegun Obasanjo, shi ne ya riƙa jagorantar ofishin yaɗa labaran Atiku, yana mayar da martani ga fadar shugaban ƙasa. A 2006 hukumar tsaron farin kaya ta tsare shi, aka gurfanar da shi a kotu bisa dokar kare sirrin gwamnati. Ya ci gaba da zama tare da Atiku har zuwa zaɓen fid da gwani na jam'iyyar APC a Disamba 2014. Bayan Buhari ya yi nasara, sai aka ɗora shi a kan sashen yaɗa labarai na kwamitin yaƙin neman zaɓen 2015.

A fadar shugaban ƙasa

A ƙarshen Mayu 2015 aka naɗa shi tare da Femi Adesina, wanda ya zama mashawarci na musamman. Dukansu biyu tsoffin shugabannin ƙungiyar editoci ne. Iya Hausarsa ya sa shi ne ya fi ɗaukar nauyin yi wa talakawan Arewa bayani ta rediyo.

Cikin abubuwan da ofishinsa ya fi tallatawa akwai noman shinkafa, kuma Jihar Kebbi ce abin misali. A Birnin Kebbi ne Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015, a 2017 aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, sannan a Maris 2020 shugaban ya halarci bikin kamun kifi na Argungu da aka farfaɗo da shi bayan kusan shekara goma. Sai dai rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 da tashin farashin buhun shinkafa sun sa 'yan kasuwa da ma'aikata sun riƙa auna kalaman fadar da abin da suke gani a kasuwa.

Kalaman da suka jawo ce-ce-ku-ce

Abubuwa uku suka fi tsayawa a zukatan jama'a. A Nuwamba 2020, bayan kisan manoman shinkafa a Zabarmari ta Jihar Borno, ya ce manoman ba su samu izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin, kalaman da suka fusata mutane da dama. A Disamba na shekarar, da aka sace ɗaliban sakandaren Ƙanƙara a Jihar Katsina, ya ce yara goma ne kawai ke hannun 'yan bindiga. Da aka sako fiye da 300, sai ya fito ya nemi afuwa.

Na ukun ya girmi waɗannan. A Agusta 2017, bayan Buhari ya dawo daga jinyar fiye da kwana 100 a Landan, Garba Shehu ya ce ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin shugaban, shi ya sa zai riƙa aiki daga gida. A littafinsa mai suna According to the President, wanda ya fito a Yuli 2025, ya bayyana cewa ya yi amfani da labarin ne domin kawar da hankalin jama'a daga batun lafiyar shugaban.

Matsayinsa a fagen sana'ar

Wannan bayani ya raba kan masana. Wasu na ganin dabara ce ta kakaki da ya kare maigidansa a lokacin da jita-jita ta yi yawa, wasu kuma na cewa ya saɓa wa ƙa'idar aikin, wadda ta ɗora gaskiya sama da komai. Dalilinsu shi ne jarin kakaki amincewar jama'a ce, kuma idan ta zube ba ta kwasuwa, har sanarwar gaskiya ma sai a yi mata kallon shakku.

Duk da haka, ba a musun juriyarsa da kusancinsa da 'yan jarida, ko amanar da ya riƙe bayan saukar gwamnatinsu a Mayu 2023, domin ya ci gaba da magana da yawun Buhari. Shi ne ya fitar da sanarwar iyalan tsohon shugaban ta rasuwarsa a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025.